An Sallami Kocin Hoki Na Jami'a: Ɗan Gida Za A Ba, Ko A Ɗauko Daga Waje?

A ranar 23 ga Maris, 2025, Jami'ar Dakota ta Arewa da ke Amurka ta sallami Brad Berry, kocin ƙungiyarta ta hoki, wato ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Kaka 10 ya yi yana jan ragamar ƙungiyar. Ya ci mata kofin ƙasa a kakarsa ta farko, a 2016, ya kuma ƙare a saman teburin rukuninsu na NCHC har sau 5. Abin da ya ci shi shi ne watan Maris, lokacin da ake fara gasar ƙasa. Tun daga wancan kofi, wasa ɗaya tak ya ci a gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a 2025 kuwa ko gurbin shiga gasar bai samu ba. Kafin ka ce kwabo magoya baya sun rabu gida-gida, kowa da sunan wanda yake so a ba kujerar.

Gardamar iri ɗaya ce a duk jami'ar da aka yi irin wannan sallama. Sunaye ne ke sauyawa, amma ƙofofin huɗu ne: a ɗaga mataimaki na cikin gida, a zawarto babban kocin wata jami'a, a dawo da tsohon ɗan wasa da ya yi suna a NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, ko a ɗauko mai horar da matasa daga ƙananan gasanni. Idan kana cikin masu zaɓen, ko kai mai goyon baya ne da ya rasa layin da zai bi, ga yadda nake auna su.

Sai dai a fara fahimtar aikin kansa. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai zai ce ai a kawo mai suna, a ba shi kuɗi ya sayo 'yan wasa. A nan babu sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya. Koci da mataimakansa ne ke bin yara tun suna 'yan shekara 16 ko 17, su zauna da iyaye, su karɓi alkawari, sannan su jira shekara biyu ko uku kafin yaron ya iso makaranta. Mafi gwaninta a cikinsu kuma sai ya yi kaka ɗaya ko biyu ya wuce NHL. Tun 2021 ɗalibi na iya sauya jami'a ya ci gaba da wasa ba tare da ya zauna shekara guda a benci ba. Daga Agustan 2025 kuma an buɗe wa 'yan manyan gasannin matasa na Kanada ƙofa, abin da ya sa fitaccen matashin ɗan wasa Gavin McKenna ya koma Jami'ar Penn State. Ga jami'o'i sama da 60 a matakin farko, gurbi 16 kacal a gasar ƙasa, kuma wasa ɗaya ne: aka doke ka, ka tattara kayanka. Saboda haka fiye da rabin aikin koci a wajen filin wasa ake yin sa.

Ma'aunai

Farashi kashi uku ne, ba ɗaya ba. Akwai ragowar kwantiragin wanda aka kora, akwai diyyar da ake biya idan wanda za a ɗauko yana da kwantiragi a wani wuri, sannan albashinsa da na mutanen da zai zo da su. Manyan kociyoyi a wannan wasa ɗaruruwan dubban daloli suke karɓa a shekara. Tun da aka amince a 2025 jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye, duk dalar da ta tafi wajen koci ta ragu daga abin da za a raba wa yara.

Ɗorewa kuwa ta fuska biyu ake rasa ta. Ko koci ya gaza a kore shi, ko ya yi fice NHL ta ɗauke shi. Dave Hakstol ya bar Dakota ta Arewa zuwa Philadelphia a 2015. A 2018 Jim Montgomery ya bar Denver zuwa Dallas, David Quinn kuma ya bar Jami'ar Boston zuwa New York Rangers.

Sauƙin sauyi shi ne ko 'yan wasan da ke nan da yaran da suka yi alkawari za su tsaya. Haɗari kuma shi ne irin faɗuwar da za a yi idan zaɓin bai yi ba, da shekarun da za a ɗauka kafin a gane.

Akwai tambaya ɗaya da take gaban duk waɗannan: me ya lalace? Ƙungiyar da ke cin wasa duk kaka tana faɗuwa a Maris ba ciwonsu ɗaya da wadda ta shekara biyar a ƙasan tebur ba.

Mataimaki na cikin gida

Shi ne mafi araha, nesa ba kusa ba. Babu diyyar da za a biya wata jami'a, albashinsa na farko bai kai na gogagge ba, kuma a cikin mako guda an gama magana. Dakota ta Arewa haka ta yi: kafin watan Maris ya fita ta naɗa Dane Jackson, tsohon ɗan wasanta, wanda ya kasance mataimaki a wurin tun 2006. Al'adar gidan ce ma, domin Hakstol da Berry duk daga kujerar mataimaki suka hau.

Ta fuskar sauƙi babu mai kama ƙafarsa. Yawancin yaran da suka yi alkawari shi ya je gidajensu, lambarsa ce a wayar iyayensu. Ba ya buƙatar a nuna masa ofishin rajista ko a gabatar da shi ga attajiran da ke tallafa wa ƙungiyar.

Mutane kan raina wannan zaɓi, su ce rowa ce ko lalaci. Ni kam ina ganin an zalunce shi. Dubi David Carle na Denver. Yana ɗan shekara 18, a 2008, gwajin lafiyar da ake yi wa matasa kafin zaɓen da ƙungiyoyin NHL ke yi na sababbin 'yan wasa ya gano yana da ciwon zuciya da ya raba shi da wasa. Denver ba ta janye tallafin karatun da ta yi masa alkawari ba, sai ya zama ɗalibi mai taimaka wa kociyoyi. Da Montgomery ya tafi a 2018 aka ba shi ƙungiyar yana da shekara 28. Ya ci kofin ƙasa a 2022, ya maimaita a 2024, wanda ya zama na 10 a tarihin makarantar. Pat Ferschweiler ma daga mataimaki ya hau a Western Michigan a 2021, a 2025 ya kawo musu kofinsu na farko bayan ya lallasa Jami'ar Boston 6-2.

Amma ka lura da abu ɗaya: Carle da Ferschweiler ba korarru suka gada ba. Gidan lafiya lau yake, maigida ne ya tashi. Inda aka yi kora, mataimaki yana da hannu a duk abin da ya jawo ta. Shi ya taya zaɓo 'yan wasan, shi ya taya tsara atisaye. In ka ce tsarin ne ya lalace sannan ka ba wanda ya taya gina shi, dole ka iya faɗa wa mutane abin da zai yi dabam. Haka kuma ba duk gwanin zawarcin yara ne ke iya riƙe ƙungiya ba. Albie O'Connell ya yi suna wajen ɗauko 'yan wasa a Jami'ar Boston, aka ɗaga shi a 2018. Kaka 4 ya yi, sau ɗaya ya kai gasar ƙasa, suka raba gari a 2022 duk da ya ci kofin Beanpot na birnin a wannan shekarar.

Akwai wata ƙaramar ƙofa a nan, wato riƙon ƙwarya. Michigan ta rabu da Mel Pearson a Agustan 2022 bayan rahoton wani bincike kan yadda ake tafiyar da ƙungiyar. Saura wata biyu a fara kaka, babu kocin kirki da zai bar aikinsa a irin wannan lokaci. Sai aka ba Brandon Naurato riƙo, mutumin da kaka ɗaya kawai ya yi a matsayin mataimaki. Ya kai su zagayen huɗun ƙarshe da ake kira Frozen Four, aka tabbatar masa da kujerar da kwantiragin shekara 5, ya sake kai su a 2024. Gwaji ne mai arha, amma yana da illa: abokan hamayya za su riƙa raɗa wa iyayen yara cewa ba a san wanda zai kasance koci baɗi ba.

Babban kocin wata jami'a

Wannan shi ne mai tsada. Za ka biya korarre, ka biya jami'ar da ka raba da kocinta, ka kuma yi masa tayin da ya fi abin da yake samu, da shekaru masu yawa a kwantiragi. Abin da kake saye shi ne tabbaci: ya san dokokin NCAA, ya san yadda ake riƙe ɗalibi a aji, ya taɓa tsayawa a bayan benci a wasan da in an faɗi an fita.

Wisconsin ta bi wannan hanya a Maris 2023. Ta ɗauko Mike Hastings, wanda ya yi kaka 11 a Minnesota State, ya kai ta Frozen Four a 2021, ya kai ta wasan ƙarshe a 2022 inda Denver ta doke su 5-1. Bai zo shi kaɗai ba, ya taho da mataimakinsa da 'yan wasansa uku. Ƙungiyar da ta ci wasa 13 a kakar da ta gabata sai ga ta da 26 da gurbi a gasar ƙasa. A kaka ta biyu kuma ta koma 13. Wannan ya isa ya nuna maka cewa ko gogagge ba ya gyara gida a shekara ɗaya, kuma kada ka yanke hukunci da kakar farko, mai daɗi ce ko mai ɗaci.

Mai ɗacin ita ce ta Greg Carvel. Jami'ar Massachusetts (UMass) ta kori kocinta a 2016 ta ɗauko shi daga St. Lawrence. Kakarsa ta farko wasa 5 ya ci, aka doke shi sau 29. Da a ce an saurari masu ihu, da nan aka tsaya. A 2019 ya kai wasan ƙarshe, a 2021 ya ɗauki kofi da ci 5-0 a kan St. Cloud State. Wani abu da ya taimake shi ƙwarai shi ne ɗan wasa Cale Makar, wanda ya yi wa makarantar alkawari tun zamanin kocin da aka kora, bai janye ba. Aikin farko na kowane sabon koci ke nan, ya riƙe alkawuran da ya tarar.

Ta fuskar ɗorewa wannan zaɓi ya fi sauran. Mutumin da ya shekara 10 ko fiye a jami'a bai tafi NHL ba, galibi ya zaɓi rayuwarsa ke nan. Haɗarinsa shi ne abin da ya yi aiki a ƙaramar makaranta ya ƙi a babba. A ƙaramar makaranta koci kan tara 'yan shekara 20 da 21 da suka daɗe a gasar matasa, su zauna shekara 4 suna bin umarni. A babba kuwa zai haɗu da ɗan shekara 18 da NHL ta riga ta zaɓa, da wakilinsa, da ƙafarsa ɗaya a waje. Ga kuma nauyin buri. Bob Motzko ya bar St. Cloud State zuwa Minnesota a 2018, ya kai wasan ƙarshe a 2023, Quinnipiac ta zura musu ƙwallo daƙiƙa 10 da shiga ƙarin lokaci. A wata makarantar wannan abin alfahari ne. A Minnesota, wadda rabonta da kofi tun 2003, ƙorafi ne.

Tsohon ɗan wasa daga NHL

Wannan ne zaɓin da ya fi faranta wa tsofaffin ɗalibai da masu sayen tikiti rai a ranar sanarwa, kuma shi ne na fi jin tsoro.

Wisconsin ta gwada shi kafin Hastings. A 2016 ta kori Mike Eaves, kocin da ya ci mata kofi a 2006, ta dawo da Tony Granato: tsohon tauraronta, tsohon ɗan wasan NHL, tsohon babban kocin Colorado Avalanche. Sunan ya yi aikinsa, yara masu hazaƙa suka zo. A kakar 2019-20 yana da Cole Caufield da Alex Turcotte da K'Andre Miller, dukansu zaɓaɓɓun zagayen farko na NHL, amma ƙungiyar ta ƙare a ƙasan teburin rukuninsu na Big Ten. Kaka ta gaba ta zo ta ɗaya, Caufield ya karɓi kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, sai Bemidji State ta fitar da su 6-3 a wasan farko na gasar ƙasa. Da taurarin suka tafi babu abin da ya rage a ƙasa. Kaka 7, biyu kacal nasara ta rinjayi faɗuwa, aka sallame shi a Maris 2023.

A NHL wani ne ke tara 'yan wasa, koci ya horar. A jami'a koci ne ke lissafin wanda zai tafi bana, wanda zai iso baɗi, da wanda zai zauna shekara 4 ya riƙe ɗakin canjin kaya. Wannan lissafi ba a koyonsa a NHL.

Za a ce to Jay Pandolfo fa? Ya ci kofin ƙasa da Jami'ar Boston yana ɗan wasa a 1995, ya ci Kofin Stanley, wato kofin NHL, sau biyu da New Jersey Devils, ya yi mataimaki a Boston Bruins. Da aka ba shi ƙungiyar a 2022 ya kai ta Frozen Four sau 3 a jere. Gaskiya ne. Amma kafin a ba shi, ya bar NHL ya yi kaka guda cur yana mataimaki a ƙarƙashin O'Connell. Wannan shekarar ce bambancin, a ganina.

Farashi yana da tsada ba don diyya ba, sai don dole ka kewaye shi da mataimakan da suka san zawarcin yara. Ɗorewa kuma babu tabbas, domin in ya yi nasara wayar NHL za ta sake bugawa.

Mai horar da matasa

Nan ana maganar kociyoyin USHL, babbar gasar matasa ta Amurka, da na shirin renon matasa na ƙasa da ke Plymouth a Michigan. Farashinsu matsakaici ne, babu wata diyya mai nauyi. Jarinsu shi ne sun san yaran da kowa ke nema, sun kwana da su a mota ɗaya a hanyar zuwa wasa.

Denver ta yi wannan caca a Afrilun 2013, lokacin da ta kori George Gwozdecky bayan kaka 19 da kofuna biyu, na 2004 da 2005. Mutane suka yi ca. Ta ɗauko Montgomery daga Dubuque ta USHL, a 2017 ya kawo kofi, shekara ɗaya bayan nan ya yi gaba. Kaka 5 ke nan, kofi ɗaya, da mataimakin da ya bari a baya, wato Carle.

Michigan State ce ta fi ba da darasi, domin sau biyu ta shiga wannan ƙofa a jere. A 2017 ta ɗauko Danton Cole, tsohon ɗalibinta, daga shirin renon matasa na ƙasa. Kaka 5, babu ko ɗaya da nasara ta rinjayi faɗuwa, aka kore shi a 2022. Ta koma wuri ɗaya ta ɗauko Adam Nightingale, shi ma tsohon ɗalibinta. A 2024 da 2025 ya haɗa saman teburin Big Ten da kofin rukunin, ya kuma mayar da su gasar ƙasa karon farko tun 2012. Ya zo daidai lokacin da aka sassauta dokar sauya jami'a, ya kuma yi amfani da ita: Isaac Howard, wanda ya ci Hobey Baker a 2025, daga Minnesota Duluth ya sauyo sheƙa. Takardun mutanen biyu kusan iri ɗaya ne, sakamako ya sha bamban. Shi ya sa nake sa wannan zaɓi a matsayin mafi wuyar hasashe.

| Zaɓi | Farashi | Ɗorewa | Sauƙin sauyi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mataimakin gida | Ƙasa | Mai kyau in ya kama | Mafi sauƙi | Ya maimaita abin da ya jawo kora |
| Riƙon ƙwarya | Mafi ƙasa | Kaka ɗaya | Mai sauƙi | Yara su ƙi yin alkawari |
| Kocin wata jami'a | Mafi tsada | Mafi tsawo | Matsakaici, wasu za su tafi | Tsarinsa ya ƙi sabon wuri |
| Ɗan NHL | Mai tsada | Babu tabbas | Farin jini da wuri, aiki daga baya | Rashin sanin lissafin jami'a |
| Mai horar da matasa | Matsakaici | Gajere in ya yi fice | Matsakaici | Wuyar hasashe |

Wanne ya dace da wa

Idan ƙungiyarka tana cin wasa, yara masu kyau suna kan hanya, matsalar kawai wasannin Maris ce, to ɗan gida. A nan Dakota ta Arewa ta tsaya. Sharaɗina ɗaya: a sa shi ya kawo aƙalla mataimaki ɗaya daga waje, wanda bai san yadda aka saba yi ba. Ka kuma tambayi kanka ko korar ma ta wajaba, domin gasar da wasa ɗaya ke yanke hukunci tana da mugunta. A 2021 sai a ƙarin lokaci na biyar Minnesota Duluth ta fitar da ƙungiyar Berry, a 2020 kuwa suna kan gaba a ƙasar annobar korona ta sa aka soke gasar.

Idan gidan ya daɗe da rushewa, kujeru sun zama wayam a filin wasa, kuma akwai kuɗi, to ka ɗauko babban kocin wata jami'a, ka rubuta masa shekara 5 ko 6, ka toshe kunnenka a biyun farko. In ba za ka iya jure kaka irin ta Carvel ta farko ba, kada ka fara.

Idan kora ta zo a Yuli ko Agusta, ko ta biyo bayan bincike, riƙon ƙwarya ne kawai mai ma'ana. Ka faɗa wa mai riƙon da 'yan wasa ranar da za a yanke hukunci.

Idan aljihu bai da nauyi kuma ciwon shi ne yara masu kyau sun daina zuwa, mai horar da matasa. A wajen ganawa kada ka tsaya kan kofunan da ya ci. Ka ce ya lissafo yaran da zai kira a makon farko, da waɗanda zai nema daga wasu jami'o'i, ka kuma shirya wanda zai gaje shi tun ranar da ya sa hannu.

Ɗan NHL kuwa sai in ya taɓa zama a ofishin jami'a, ko da kaka ɗaya ce, kamar Pandolfo. In bai taɓa ba kuma attajiran makaranta sun dage sai shi, ka ba shi kujerar babban mataimaki tukuna, ka tura shi gidajen yara a Minnesota da Alberta cikin sanyin Janairu, a sake zama bayan shekara.